Waiwaye: tun kafin Nusantara, teku ce ta raba arzikin Indonesiya

Tun da aka sa hannu a dokar mayar da babban birnin Indonesiya daga Jakarta zuwa Nusantara a tsibirin Kalimantan a 2022 ake ta cacar baki, wasu na cewa wannan ne zai raba arziki tsakanin tsibirai, wasu na cewa gini kawai za a yi a daji. Amma fa gibin arziki tsakanin Java, inda Jakarta take, da sauran tsibirai ba yau ya fara ba. Tsibirin Java bai kai kashi 7 cikin 100 na fadin kasar ba, amma sama da rabin jama'a na can, haka ma sama da rabin tattalin arziki.

Farkon labarin kowa ya sani, Turawan mulkin mallaka na Holan sun kafa Batavia, wato Jakarta ta yau, a 1619, suka cika Java da gonakin rake da kofi, layin dogo ma can ya fi yawa.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne Disamban 1957. Ana tsakiyar rikicin mallakar yammacin Papua tsakanin Indonesiya da Holan aka karbe kamfanonin Holan da ke Indonesiya, ciki har da KPM, mai jiragen ruwan da suke zagaya tsibirai tun wajen 1891. Galibin jiragen suka bar ruwan kasar. To ka dubi manomin kwakwa a Sulawesi ko Maluku, kayansa na jibge a bakin teku ba jirgin da zai dauka, dama kuma mutanen tsibiran da ke wajen Java suna korafin cewa su ke fitar da roba da kwakwa da man fetur amma kudin a Java yake karewa, har ta kai ga tawayen Permesta a Sulawesi a 1957 da na PRRI a Sumatra a 1958. A kasa mai tsibirai kusan 17,000, jirgin ruwa shi ne titi. Dan kasuwa kuwa ba zai kafa masana'anta inda kaya ba sa fita ba, sai ya zauna kusa da Jakarta ko Surabaya a Java, masu neman aiki su bi shi.

Daga baya an gwada abubuwa, an bai wa yankuna iko daga 2001, an kawo shirin Tol Laut na jiragen kaya masu tallafi a 2015, yankin Morowali a Sulawesi ya bunkasa da sarrafa ma'adinin nikel. Amma har yanzu jirgi kan tafi gabas a cike ya dawo kusan fayau, kudin dawowar kuma mai sayen siminti a Papua ne ke biya.