Aikin Tallafa wa Marayu: Tambayoyin Masu Bayarwa da Masu Son Shiga Aikin

Waɗannan tambayoyi ne da ake yawan yi wa ma'aikatan ƙungiyoyin kula da marayu da yara marasa galihu a arewacin Najeriya.

Wane ne maraya, kuma dole ne sai an kai shi gidan marayu?

A fiƙihu, maraya shi ne yaron da mahaifinsa ya rasu kafin ya balaga. Hukumomi irin su UNICEF sun faɗaɗa ma'anar zuwa duk ɗan ƙasa da shekara 18 da ya rasa uwa ko uba ko duka biyun. Ko da wace ma'ana aka ɗauka, mafi yawan yaran nan suna da wani nasu a raye: uwa, kaka, baffa, gwaggo ko kawu. Abin da ke raba su da gida galibi rashin abin hannu ne.

Shi ya sa aikin da ya fi albarka shi ne a tallafi yaro a inda yake. Kuɗin da za a kashe wajen riƙe yaro guda a gidan marayu, da albashin masu raino da mai gadi da haya da wuta, zai ɗauki nauyin yara da dama a ɗakin uwarsu. Akwai kuma abin da ba a gani sai daga baya. Yarinyar da ta tashi a gidan marayu, ranar da manemi ya fito wa zai zama waliyyinta? Saurayin da aka sallama yana ɗan 18, gidan wa zai je yawon sallah? Gidan marayu na jaririn da aka tsinta ne, da yaron da gidansu ya zame masa haɗari. Ko shi ma ana neman masa iyalin da za su riƙe shi, a bar masa sunan mahaifinsa idan an sani, kamar yadda aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni.

Me ma'aikaci yake yi a wuni? Rabon kaya ne kawai?

Rabon kaya bai fi kwana biyu a wata ba. Sauran kwanakin tafiya ce da rubutu. Kafin a sa sunan yaro a rajista sai an je gidan, an ga inda yake kwana, an ji sau nawa ake ɗora tukunya, sannan a tabbatar da labarin daga bakin mutum uku da ba su haɗa dangi ba, misali mai unguwa da liman da wata dattijuwar maƙwabciya. Idan aka bar mutum ɗaya ya kawo jerin sunaye, kada a yi mamakin ganin 'ya'yan ƙannensa a sahun gaba.

Kowane yaro yana da fayil: takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, katin rigakafi, sakamakon jarrabawa, sunan mai riƙonsa da bayanin kowace ziyara. Kuɗin makaranta kai tsaye ake biya wa makarantar a karɓi rasit. Ba don ana zargin uwar ba ne. Matar da ke da yara biyar babu abin kalaci, idan kuɗi ya shigo hannunta awon masara za ta yi, kuma babu mai ganin laifinta.

Yaya ake gane yaron da tamowa ta kama?

Ido yana yaudara, musamman idan yaron ya kumbura har a ɗauka ƙiba ce. Ga yara 'yan wata 6 zuwa 59 ana amfani da wani siririn ma'auni mai launi uku. A lanƙwasa hannun hagun yaron, a nemo tsakiyar damtse tsakanin ƙashin kafaɗa da gwiwar hannu, a sake hannun ya miƙe, sannan a zagaya ma'aunin ya kwanta a fata. Kada a ja har fata ta tattare, kada kuma a bar shi sakwa-sakwa, domin nan ne sababbin ma'aikata suka fi yin kuskure. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya ne, matsakaiciya. Daga 12.5 zuwa sama kore ne.

Sai a duba kumburi. A danna babban yatsa a kan bayan ƙafafun yaron duka biyu, a ƙirga daƙiƙa uku, a ɗaga. Idan wurin ya lotsa a ƙafa biyun bai ciko nan take ba, tamowa ce mai tsanani ko da ma'aunin ya nuna kore. Ranar nan za a kai shi asibiti.

A can za a gwada ko yana cin abinci. Wanda ya ci, kuma ba shi da wata cuta mai nauyi, ana ba uwarsa abincin tamowa na leda su koma gida, su riƙa dawowa awo duk mako ko mako biyu. Wanda ya ƙi ci, ko yake da zazzaɓi mai zafi, amai ko sarƙewar numfashi, kwantar da shi ake yi. Ana fara masa da wata madara ta musamman ta jinyar tamowa mai suna F-75, kaɗan-kaɗan, duk awa biyu ko uku har cikin dare. Masu tausayi kan so a cika masa ciki da tuwo da nama a ranar farko, amma zuciya da hanjin irin wannan yaro sun yi rauni, abinci mai yawa farat ɗaya yana iya halaka shi. Sanyin dare ma abokin gabarsa ne, a lulluɓe shi, a manna shi jikin uwarsa.

Mene ne wannan abincin leda, kuma me ya sa wasu yaran ba sa murmurewa da shi?

Ana kiransa RUTF. Haɗin tunkuzar gyada ne da madarar gari da suga da mai da sinadaran gina jiki. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, kuma ya yi suna a lokacin yunwar 2005 a Nijar, inda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta yi jinyar dubban yara da shi a yankin Maraɗi. Leda guda giram 92 ce, tana ɗauke da kalori 500. Katan yana cin leda 150, kimanin abin da yaro ɗaya ke buƙata cikin mako shida zuwa takwas.

Ba a dama shi da ruwa, ba a zuba shi a kunu. Rashin ruwa a cikinsa ne ke hana ƙwayoyin cuta hayayyafa. Daga leda yaron zai tsotsa, a riƙa ba shi tsaftataccen ruwa a kofi, mai shan nono kuma a fara ba shi nonon. Inda ake samun cikas shi ne a gida: yayyensa suna kallo da yunwa, sai uwa ta raba musu, ko a kai wasu ledoji kasuwa a sayo hatsi. Faɗa ba ya gyara wannan. Abin da ke gyarawa shi ne a haɗa wa gidan da ɗan awon abinci, a kuma ce uwar ta dawo da ledojin da aka shanye a ƙirga.

Ina son in kawo gudummawa. Me kuka fi buƙata?

Fara da tambaya kafin ka tafi kasuwa. Wanda ya leƙa ɗakin ajiyar irin waɗannan ƙungiyoyi mako guda bayan ƙaramar sallah zai ga katan-katan na taliya har kusa da rufi, da lemon kwalba, da biskit, ga buhunan tufafi ba a ko kwance ba. Ya dawo a watan Agusta, zai tarar da katakon da ake ɗora buhuna a kai babu komai sai ƙura. Alhali a tsakiyar damina, kafin sabon hatsi ya shigo, abinci ya fi tsada, zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara, ga kuɗin makaranta na jiran watan Satumba. Kuɗi kaɗan da ke zuwa kowane wata ya fi buhu goma na rana ɗaya, domin da shi ake iya yin lissafi. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ma ya nuna aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai, ko da kaɗan ne.

Abubuwan da ba a cika tunawa da su ba: sabulu, omo, gidan sauro, takalmi, litattafan rubutu, audugar mata ga 'yan mata. Waɗanda kuma ba a so su ne ragowar magungunan gida, da kayan gwangwani da wa'adinsu ya kusa, da madarar jarirai da ba likita ne ya rubuta ba. Madarar gwangwani a gidan da babu ruwa mai tsafta gudawa take kawowa, kuma idan ta kusa ƙarewa sai a riƙa tsinka ta da ruwa. Jariri ɗan ƙasa da wata shida nono kaɗai ya ishe shi, don haka uwar za a ciyar.

Wake kuwa, idan za a ajiye, a zuba shi a buhun PICS mai rufi uku a ɗaure tamau, rashin iska zai kashe ƙwarin. Kada a kuskura a barbaɗa masa maganin feshin gona.

Akwai abincin da za mu iya haɗawa da kanmu?

Akwai garin kunun da ake ce wa Tom Brown, ga yaran da ma'auninsu ya nuna rawaya da kuma don rigakafi. Mudu 6 na gero ko dawa ko masara, mudu 3 na waken suya, mudu 1 na gyada. A tsince gyadar a zubar da duk wadda ta yi funfuna ko ta yamutse, tana ɗauke da dafi mai cutar da hanta. A jiƙa waken suya, a murje ɓawon, a shanya. A soya kowanne daban a busasshen kasko, domin ba lokaci ɗaya suke soyuwa ba, kuma waken da bai soyu ba yana kumbura ciki. A haɗa a niƙa, a tankaɗe, a rufe a bokiti mai murfi. Kunun ya yi kaurin da idan an karkata cokali ba zai zube ba. Tsinkakken kunu cika ciki kawai yake yi. Wannan gari ba ya maye gurbin asibiti ga yaron da ma'auninsa ya nuna ja.

Me ya sa wasu ƙungiyoyi ke hana ɗaukar hoto ranar rabo?

Saboda yaron zai girma, hoton kuma yana nan. An jera shi a rana, an ɗora masa ledar shinkafa a ka, an ce ya yi murmushi, gobe 'yan ajinsu sun gani a Facebook. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma wannan yana kusa da su biyun. Idan ana son shaidar cewa kaya sun isa, a ɗauki hoton kayan da takardar sa hannu. Inda hoton yaro ya zama dole, sai da yardar mai riƙonsa da tasa, cikin sutura ta mutunci, ba suna ba unguwa.

Yaya zan san ƙungiya ta gaskiya ce?

Nemi takardar rajistarta da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da shaidar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Idan tana riƙe yara su kwana, sai da izinin ma'aikatar harkokin mata ta jiha. Asusun banki ya kasance da sunan ƙungiyar, kuma kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu. Ka nemi ganin lissafin bara. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Kada ka tsorata don ka ga an biya albashi da kuɗin mai, mai raino ma tana da cikin da za ta ciyar. Abin tsoro shi ne wurin da ake ce maka kana iya tafiya da jariri idan ka ajiye wani abu. Wannan safarar mutane ce, a sanar da NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ko 'yan sanda.

Zan iya ba ku zakkata?

Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake ba zakka, kuma ba a ambaci maraya da sunansa ba. Yana shiga ne idan matalauci ne. Wanda ya gaji dukiyar da ta ishe shi ba a ba shi, sai dai a tsare masa ita. Faɗa wa ƙungiyar cewa zakka ce, don a ware ta daga sadakar da ake biyan haya da gyaran mota.

Ni uwa ce, ina da lokaci amma ba ni da kuɗi. Zan iya shiga aikin?

Za ki iya, Hajiya, kuma irinku ake nema. Sai dai a shirya wa zama na aƙalla wata shida, ko da wuni ɗaya ne a mako. Yaron da ya riga ya rasa uwa ko uba, idan ya saba da fuska ta ɓace bayan sati biyu, an fama masa tsohon ciwo. Za a nemi mutum biyu su tsaya miki, ki kuma sa hannu a kan ƙa'idoji: ba a keɓewa da yaro a rufaffen ɗaki, ba a tafiya da shi gida ba da izini ba, ba duka, ba a ware ɗaya da kyauta sauran suna kallo, ba a alƙawarin abin da ba a da tabbacinsa.

Za ki ga ɗan shekara tara yana fitsarin kwance, ko wata tana ɓoye ɗumamen tuwo a ƙarƙashin matashi. Ba iskanci ba ne, tsoro ne da tunanin yunwar da aka sha. A shimfiɗa masa leda a ƙarƙashin zane, a wanke da safe ba tare da an yi shela ba. Ita kuma a tsayar da lokacin cin abinci, kullum a daidai wannan lokaci, har ta gamsu cewa na gobe ma zai zo.

Idan yaro ya buɗe baki ya ce wani yana taɓa shi, ki saurara, kada ki tsare shi da tambayoyi, kada kuma ki yi masa alƙawarin rufe maganar. Ki rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, ki kai wa jami'in kare yara na ƙungiyar a ranar. Idan fyaɗe ne, a isa asibiti cikin awa 72, domin a cikin wannan lokaci ne maganin rigakafin HIV yake aiki.

Ranar da za ki bar aikin kuma, ki faɗa wa yaran tun saura makonni, ki gabatar musu da wadda za ta karɓe ki, ku yi zuwa biyu ko uku tare kafin ki daina zuwa.