Cire Mahaifa da Hanyoyin da Ake Bi a Madadinsa

Cire mahaifa tiyata ce da ake fitar da mahaifar mace daga jikinta. Bayanta al'ada takan ɗauke har abada, ciki kuma ba ya ƙara shiga. Tana cikin manyan tiyatun da aka fi yi wa mata a duniya; a Amurka kaɗai, a shekarun 1990, kimanin mata 600,000 ake yi wa ita kowace shekara. Da yake abin da aka cire ba ya komawa, muhawarar likitoci ta daɗe a kan tambaya ɗaya: yaushe ne ta zama dole, yaushe ne kuma wani magani zai wadatar?

Ana iya cire mahaifar tare da bakinta, ko a bar bakin. Idan sankara ce, akan haɗa da naman da ke kewaye, aikin da Ernst Wertheim ya fara a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1898. Hanyar shiga uku ce: tsaga ciki, ko bi ta farji, ko ƙananan huji da ake zura kyamara, wanda Harry Reich ya fara yi a Amurka a 1988. Wadda aka tsaga wa ciki takan yi mako shida zuwa takwas kafin ta murmure. Haɗurran sun haɗa da zubar jini, ruɓewar rauni, daskarewar jini a jijiya, da raunata mafitsara ko bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda.

Akwai inda ba a ja-in-ja. Sankarar cikin mahaifa, da sankarar bakin mahaifa da aka gano da wuri, galibi tiyata ce maganinsu. Haka ma jinin haihuwa da ya ƙi tsayawa bayan an gwada allura, an gwada ɗinkin matse mahaifa irin wanda Christopher B-Lynch ya bayyana a 1997. A asibitocin arewacin Najeriya da Nijar, fashewar mahaifa bayan doguwar naƙuda na cikin manyan dalilan cirewar gaggawa. Abin takaici, yawancin waɗannan matan da an kawo su da wuri da fiɗar haihuwa kawai za a yi musu.

Inda zaɓi yake da faɗi shi ne cututtukan da ba sankara ba, kuma babbarsu ita ce ƙarin mahaifa, wanda ake kira faiburoyid. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2003 ya nuna cewa kafin shekara 50, fiye da kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen mata suna da shi, fararen fata kuma kusan kashi 70. Da yawansu ba su ma san da shi ba. Ƙarin da ba ya sa zubar jini, ba ya danne mafitsara, ba ya hana ciki, ba ya bukatar wuƙa. Sa ido kawai ake yi. Bayan yankewar al'ada ma yakan motse da kansa. Don haka matar da ke da shekara 48 tana iya lallaɓawa da magani na ɗan lokaci, amma wannan lissafin ba zai yi wa 'yar shekara 32 ba.

Idan matsalar yawan jinin al'ada ce, matakin farko magani ne. Ƙwayar taraneksamik, wadda ake sha a kwanakin al'ada kaɗai, tana rage jinin da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. Wadda ta fi ta ƙarfi ita ce robar da ake sakawa a mahaifa mai sakin sinadarin hana ɗaukar ciki a hankali, irin Mirena, wadda aka fara sayarwa a Finlan a 1990. Tun 2007 hukumar NICE, mai fitar da ƙa'idojin magani a Birtaniya, ta sa ta a sahun gaba wajen maganin yawan jinin al'ada. Akwai kuma ƙone shimfiɗar cikin mahaifa, amma wannan na wadda ta gama haihuwa ne, domin cikin da ya shiga bayansa yana da haɗari.

Ga wadda take son haihuwa, akan ciro ƙarin a bar mahaifar. Likitan da ya tsaya wa wannan aiki shi ne Victor Bonney na Landan. Shekaru kaɗan bayan aurensu aka cire wa matarsa mahaifa saboda ƙari, suka rayu ba ɗa ba jika. Ya shafe rayuwarsa yana gyara dabarun aikin, har ya ƙera wani ƙarfen matsewa da ke rage zubar jini lokacin fiɗa. Sai dai wannan hanya tana da nata nauyin. Ƙarin yana iya sake tsirowa, tabon kan sa a nemi haihuwa ta fiɗa nan gaba, kuma kafin a shiga ɗakin tiyata akan sanar da mace cewa idan jini ya ɓalle za a iya cire mahaifar gaba ɗaya don ceton ranta.

Wata hanyar ita ce toshe jijiyoyin da ke shayar da ƙarin jini, ta hanyar zura siririn bututu daga matsematsi ko wuyan hannu. Jacques Ravina da abokan aikinsa a Faris suka bayyana ta a 1995. Ana saurin tashi bayanta, amma wani bincike a Holan ya gano cewa cikin shekara 10, kimanin kashi ɗaya cikin uku na matan sai da aka dawo aka cire musu mahaifar. Tana kuma bukatar na'urori da ƙwararrun da ba kowane gari ake samunsu ba. Zazzagowar mahaifa kuwa, sau da yawa zoben roba da motsa tsokar ƙugu suna riƙe ta.

Batun da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne ma'ajiyar ƙwai. Ba mahaifa ce ke samar da sinadaran mace ba, ma'ajiyar ƙwai ce. Idan aka haɗa da ita aka cire kafin lokacin yankewar al'ada, mace kan faɗa cikin zafin jiki da gumin dare nan take, haɗarin raunin ƙashi da ciwon zuciya kuma ya ƙaru. Shi ya sa yanzu, in ba da dalili mai ƙarfi ba, ake barin ta a cire bututun ƙwai kawai, wanda ke rage haɗarin sankarar ma'ajiyar. Haƙƙin kowace mace ne a faɗa mata ainihin abin da za a cire da abin da za a bari kafin ta sa hannu.

A ƙasar Hausa matsalar takan zo ta ɗaya ɓangaren. Yayin da a Turai da Amurka ake kukan an yi gaggawar cirewa, a nan tsoro ne ke riƙe mata a gida: tsoron rasa haihuwa, tsoron gorin dangin miji, da raɗe-raɗin cewa zaman aure ya ƙare. Cire mahaifa ba ya hana saduwa, kuma mata da yawa sun fi samun sauƙinta bayan ciwo da jini sun tafi. Amma mace za ta yi shekaru tana shan jiƙe-jiƙe, jini yana ƙarewa, har ƙarin ya kai girman cikin wata bakwai. A lokacin robar mahaifa ba za ta zauna ba, ciro ƙarin shi kaɗai ya ƙara wuya, sai an ƙara mata jini kafin ma a iya taɓa ta. Hoton ciki da gwajin jini tun farkon canjin al'ada su ne suke bar wa likita da mai jinya hanyoyin da za su zaɓa.