Wasan Giciyen Kalmomi Mai Ɓoyayyar Ma'ana

Wasan giciyen kalmomi mai ɓoyayyar ma'ana, wanda Turawan Ingila ke kira "cryptic crossword", wani nau'in wasa ƙwaƙwalwa ne da ake bugawa a jaridu da mujallu. Ana ba mai karatu allo mai gidaje farare da baƙaƙe, a nemi ya cike fararen da haruffan kalmomi, wasu a kwance wasu a tsaye, suna giciye juna. Abin da ya raba shi da wasan giciyen kalmomi irin na Amurka shi ne yadda ake rubuta manuniyar kowace amsa. A tsarin Amurka manuniya galibi ma'anar kalmar ce kai tsaye, ko wata tambaya ta ilimi. A wannan kuwa kowace manuniya ƙaramin kacici-kacici ce mai ƙa'idojinta, kuma abin da jimlar take faɗa a zahiri yawanci ba shi da alaƙa da amsar.

Asali

Wasan giciyen kalmomi na farko ya fito ne a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba, 1913, daga hannun Arthur Wynne, ɗan jarida haifaffen Liverpool da ya koma Amurka da zama. A shekarun 1920 wasan ya ƙetara zuwa Ingila. Sunday Express ta fara buga shi a 1924, Daily Telegraph ta biyo baya a 1925, ita kuwa The Times ta ja ƙafa har zuwa ranar 1 ga Fabrairu, 1930. Masu tsara wasan a Ingila ba su gamsu da ba da ma'ana tsagwaronta ba, sai suka riƙa cusa harshen damo da juyin haruffa a cikin manuniyoyinsu, har abin ya zama salo mai cin gashin kansa.

Wanda ake ɗauka a matsayin uban wannan salo shi ne Edward Powys Mathers, marubucin waƙoƙi kuma mai fassara, wanda ya tsara wa jaridar The Observer wasanni daga 1926 har rasuwarsa a 1939. Ya yi amfani da laƙabin Torquemada, sunan babban alƙalin kotun binciken addini ta Sifaniya a ƙarni na 15, wanda ya yi ƙaurin suna wajen azabtarwa, kuma masu warware wasanninsa sun yarda cewa laƙabin ya dace. Wanda ya gaje shi, Derrick Macnutt, malamin harsunan Latin da Girkanci, ya ɗauki sunan wani alƙalin kotun, wato Ximenes. Bayan rasuwar Macnutt a 1971, Jonathan Crowther ya karɓi aikin a 1972 da laƙabin Azed, wanda idan aka karanta shi daga baya zai ba da Deza, sunan wani alƙalin na uku. Wannan ɗabi'a ta sakaya suna da laƙabi tana nan har yau a jaridu irin su The Guardian, ko da yake The Times ba ta bayyana wanda ya tsara wasanta na kullum.

Yadda manuniya take

Manuniya ingantacciya tana da sassa biyu da ke kai mutum ga amsa ɗaya ta hanyoyi biyu mabambanta. Sashe na farko shi ne ma'anar kalmar, kuma kusan kullum yana zaune ne a farkon jimlar ko a ƙarshenta. Sashe na biyu umarni ne na yadda za a gina kalmar daga haruffa ko guntayen kalmomi. A ƙarshe akan sa lamba a cikin baka don nuna yawan haruffan amsar. Gwanintar mai tsarawa ita ce ya ɗinke sassan biyu ta yadda za su karantu tamkar jimla guda mai ma'ana, domin hankalin mai karatu ya tafi wani wuri dabam. Aikin farko na mai warwarewa shi ne ya gano inda ɗinkin yake.

Misali shi ne "Consume brewed tea (3)". A zahiri jimlar tana maganar shan dafaffen shayi ne. Amma "consume" ita ce ma'anar, "brewed" ishara ce cewa a gauraya haruffa, haruffan da za a gauraya kuwa su ne na "tea", wanda ke ba da EAT, wato ci. Da zarar an ga amsar babu sauran shakka, domin hanyoyin biyu sun haɗu. Wannan tabbaci shi ne babban abin da wasan ya fi sauran ire-irensa da shi: mutum zai iya gano kalmar da bai taɓa ji ba, ya kuma san cewa daidai ce tun kafin ya duba ƙamus.

Ire-iren dabaru

Ɗaya daga cikin dabarun da suka fi yawa, kuma wadda sabon shiga ya fi saurin kamawa, ita ce gauraya haruffa. Kalmomin ishararta suna da ɗimbin yawa, domin duk kalmar da ke nuna ruɗewa, karyewa, maye, hauka, motsi ko sabuntawa tana iya yin aikin. Don a fahimci tsarin da Hausa, ana iya cewa "Dukan kunci a ruɗaɗɗen rami (4)", inda haruffan "rami" za su ba da MARI.

Sai ɓoye kalma a cikin wasu kalmomi, inda amsar take rubuce a gaban mai karatu amma ta ratsa iyakar kalmomi biyu. A "Haka noma ya ɓoye birni (4)", ƙarshen "haka" da farkon "noma" sun haɗa KANO. Masu warwarewa da suka daɗe a harkar sukan faɗa wannan tarko fiye da yadda ake zato, saboda sauƙinsa ne yake sa ido ya tsallake shi.

Akwai kuma ma'ana biyu, inda ake jera ma'anoni biyu na kalma ɗaya ba tare da wata dabarar haruffa ba, kuma irin waɗannan manuniyoyi sukan zo gajeru. Akwai jeri, inda ake haɗa guntaye biyu ko uku ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda "kura" da "me" za su ba da KURAME. Sauran sun haɗa da cusa wata kalma cikin wata, da karanta kalma daga baya, da yanke mata kai ko wutsiya ko cire mata tsakiya, da ɗaukar haruffan farko na kalmomin da ke jere. Dabarar kamancin sauti, wadda ake yi wa ishara da kalamai irin su "an ji" ko "a rediyo", ita ce ta fi jawo ƙorafi, domin kalmomin da ke da sauti ɗaya a bakin mutumin Landan ba lalle ne su zama haka a bakin ɗan Sikotilan ba, balle ɗan Indiya ko Nijeriya.

Wadda masana suka fi girmamawa ita ce manuniyar da dukkan jimlar take zama ma'ana, ta kuma zama umarni a lokaci guda. Sanannen misalinta shi ne "Terribly angered (7)": jimlar tana nufin wanda ya fusata matuƙa, sannan haruffan "angered" idan an hargitsa su suna ba da ENRAGED, mai wannan ma'anar dai.

Wani abin da ke wahalar da baƙo shi ne tarin gajerun alamomi da aka saba da su, waɗanda yawancinsu daga rayuwar Ingila aka ɗebo. Kalmar "love" kan tsaya a madadin harafin O saboda haka ake kiran sifili a wasan tanis, "duck" ma haka saboda wasan kurket. Matuƙin jirgin ruwa kan zama AB ko TAR, ma'aikaci kan zama ANT, wato tururuwa, lambobi kuwa ana mayar da su haruffan Rumawa. Kalmar "flower" ba kullum take nufin fure ba, tana iya nufin abin da ke gudana, wato kogi. Waɗannan ba a gano su da basira, sai dai a koye su a hankali, kuma nan ne zargin da ake yi wa wasan, cewa an yi shi ne don 'yan wata makaranta da wani aji, yake da ƙamshin gaskiya.

Taƙaddama kan adalci

Tun da yaudara ce ginshiƙin wasan, dole aka nemi iyaka tsakanin yaudara halattacciya da zalunci. A. F. Ritchie, mai laƙabin Afrit, ya taƙaita ƙa'idar a littafinsa na 1949 da cewa ba dole ne mai tsarawa ya nufi abin da ya faɗa ba, amma dole ne ya faɗi abin da yake nufi. Macnutt ya faɗaɗa wannan a littafinsa na 1966, Ximenes on the Art of the Crossword, inda ya dage cewa kowace kalma a cikin manuniya sai ta kasance da aikin yi, kuma umarnin ya yi daidai da nahawu.

Ba kowa ne ya bi shi ba. Fitaccen mai sassauci shi ne John Graham, limamin coci da ya tsara wa The Guardian wasanni tun daga 1958, wanda daga baya aka san shi da laƙabin Araucaria. Yakan karya ƙa'ida idan hakan zai ba da dariya ko mamaki, kuma ya shahara da gauraya haruffa masu tsawon gaske da wasanni masu jigo ɗaya. A ƙarshen 2012 ya sanar da masu bibiyarsa cewa yana fama da ciwon daji na maƙoshi ta cikin amsoshin wani wasa, ya kuma rasu a Nuwamba 2013. Ɓangarorin biyu suna nan har yanzu, kuma kowace jarida an san inda ta karkata.

Lokacin yaƙi da yaɗuwa

A 1942, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, Daily Telegraph ta shirya gasar warware wasanta a ƙasa da minti 12, kuma daga baya hukumomin soja suka tuntuɓi wasu daga cikin mahalarta don aikin fasa saƙonnin sirrin abokan gaba a Bletchley Park, cibiyar wannan aiki ta Birtaniya. A 1944 kuma, makonni kaɗan kafin saukar sojojin ƙawance a Normandy, gaɓar tekun arewacin Faransa, ranar 6 ga Yuni, kalmomin sirri na shirin, irin su Utah, Omaha, Mulberry, Neptune da Overlord, suka fito a matsayin amsoshi a wasan jaridar. Jami'an MI5, hukumar leƙen asirin cikin gida ta Birtaniya, sun yi wa mai tsarawar, Leonard Dawe, wanda shugaban makaranta ne, tambayoyi, amma ba a same shi da laifi ba.

Wasan ya bazu zuwa ƙasashen da ke amfani da Turancin Ingila, irin su Ostareliya, Ailan, Kanada, Afirka ta Kudu da Indiya, inda jaridar The Hindu take buga nata tun 1971. A Amurka bai taɓa samun karɓuwar da na gida ya samu ba, duk da ƙoƙarin mawaƙi Stephen Sondheim da ya gabatar da shi a mujallar New York a 1968. The Times tana gudanar da gasar zakaru tun 1970, kuma intanet ta sauƙaƙa koyo, musamman ta tashar Cracking the Cryptic da Simon Anthony da Mark Goodliffe suka buɗe a YouTube a 2017.

Dacewarsa da Hausa

Hausa tana da kacici-kacici da zaurance, kuma rubutun boko yana ba da dama ta musamman ga dabarar ma'ana biyu, tun da ba a nuna karin sauti da tsawon wasali a rubuce. "Rashin ruwan sama da launin madara (4)" zai ba da FARI, haka nan "gari" na iya zama birni ko abin tuwo. Karatu daga baya ne ke da wuya, domin yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, sai 'yan kaɗan irin su "ado" da "oda" ke juyuwa. Mai tsarawa zai kuma yanke shawara tun farko ko "k" da "ƙ" za su iya haɗuwa a gida ɗaya inda kalmomi suka giciye, da kuma ko "sh" da "ts" gida ɗaya za su ci ko biyu.