Lauyewar hoto a faffaɗan bidiyo

Lauyewar hoto matsala ce da masu tace bidiyo ke gamuwa da ita idan sun saka hoton da aka ɗauka da kyamara ko waya a cikin bidiyo mai faffaɗan allo, sai hoton ya fito a miƙe ko a matse. Fuskar mutum ta yi faɗi, ko ta yi tsawo fiye da kima, abu mai da'ira kuma ya koma kamar ƙwai. Abubuwa biyu ne ke haddasa ta: saɓanin ma'aunin faɗi da tsayi tsakanin hoton da allon, da kuma saɓanin siffar ƙwayoyin fiksel, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto.

Saɓanin ma'auni

Faffaɗan allo yana da ma'aunin 16:9, wato faɗi kashi 16, tsayi kashi 9. Injiniya Kerns Powers na ƙungiyar injiniyoyin fim da talabijin ta SMPTE a Amurka ne ya ba da shawarar wannan ma'auni a shekarun 1980, domin ya zama tsaka-tsaki tsakanin tsohon allon talabijin mai 4:3 da na sinima wanda ya fi faɗi. Su kuwa kyamarorin hoto ba su bi wannan hanya ba. Manyan kyamarori suna fitar da 3:2, gadon da suka samu daga fim ɗin milimita 35 mai girman 36 da 24, yawancin wayoyi kuma 4:3 suke ɗauka, misali 4032 da 3024.

Idan aka sa hoto mai 4:3 a allon 1920 da 1080 ba tare da an yanke komai ba, zai zauna a 1440 da 1080, a bar baƙin fili na fiksel 240 a dama da hagu. Mai 3:2 zai zauna a 1620 da 1080, saura 150 a kowane gefe. Wannan baƙin filin ne ke tsone wa masu koyo ido, sai su kama gefen hoton su ja har ya cika allo. Hoton 4:3 da aka yi wa haka ya ƙara kashi ɗaya cikin uku a faɗi, tsayinsa kuwa yana nan yadda yake. Nan take ido ke gane shi, musamman a fuskar wanda aka sani.

Fiksel mai faɗi da tsayi daban-daban

Wannan ɓangaren ya fi rikitarwa, domin hoto yakan lauye ko da edita bai taɓa komai ba. Fiksel ɗin hoton kyamara da na kwamfuta faɗinsa da tsayinsa ɗaya ne. Na tsohon bidiyon dijital ba haka yake ba. Tsarin kaset na DV da faifan DVD, waɗanda suka ginu a kan ƙa'idar Rec. 601 ta 1982, suna ajiye hoto a 720 da 576 a ƙasashe masu layi 625, ciki har da Najeriya da Nijar da Ghana, ko 720 da 480 a Amurka da Japan. Abin lura shi ne adadin bai canzawa ko bidiyon 4:3 ne ko 16:9. Na faffaɗan allo ana ajiye shi ne a matse, sai na'urar kallo ta buɗe shi. A tsarin PAL, wato mai 720 da 576, kowane fiksel yana buɗewa kusan ninki 1.46, a NTSC mai 720 da 480 kuma 1.21. Haka tsarin HDV yake: 1440 da 1080 a ajiye, 1920 da 1080 a kallo.

Saboda haka wanda ya yanka hotonsa daidai 720 da 576 don ya dace da aikin PAL mai faffaɗan allo ya yi kuskure, domin hoton zai baje idan aka kunna. Girman da ya dace shi ne 1024 da 576, ko 1050 da 576 bisa lissafin da manhajojin Adobe suka koma kansa daga sigarsu ta CS4. Akwai kuma tarko na biyu: wasu manhajoji sukan duba girman hoto su yi hasashen siffar fiksel ɗinsa, idan suka ga 720 da 576 sai su ɗauka daga bidiyo aka ciro shi. A manhajar Premiere Pro ana gyara wannan ta wurin saitin Interpret Footage, a gaya wa manhajar cewa fiksel ɗin daidai yake, wato faɗinsa da tsayinsa ɗaya.

Bidiyon zamani mai 1280 da 720, ko 1920 da 1080, ko 3840 da 2160 duk fiksel ɗinsa daidai ne, don haka matsalar ta ragu sosai. Amma tana dawowa duk lokacin da aka ɗauko tsohon kaset ɗin MiniDV na biki ko na taro za a haɗa shi da sababbin hotuna.

Hanyoyin kauce mata

Doka ta farko ita ce kada a canza faɗi shi kaɗai. A bar makullin ma'auni a kulle, ko a ja daga kusurwa. Daga nan zaɓi ya rage ga edita. Zai iya barin hoton gaba ɗaya da baƙin fili a gefe, ko ya ƙara girmansa har ya cika allo ya yarda da asarar sama da ƙasa. A hoton 4:3 asarar ta kai rubu'i, layi 360 cikin 1440 da tsayinsa ya kai, kuma idan ba a kula ba hular ango ko goggoron amarya ne ke fara tafiya. Manhajar Final Cut Pro tana kiran waɗannan biyun Fit da Fill. DaVinci Resolve yana da makamantansu, har da na uku mai miƙa hoto zuwa kusurwa huɗu, wanda shi ne ya kamata a guje wa.

Hoton tsaye ya fi wahala, domin mai 3:4 faɗin 810 kawai yake ci cikin 1920. Wasu sukan jera biyu gefe da gefe, wasu su shimfiɗa kwafin hoton a baya su dusashe shi. Ana kuma iya sa hoton ya riƙa tafiya a hankali daga sama zuwa ƙasa, ko a riƙa matsowa kusa da fuska. Wannan salon ana danganta shi da Ken Burns, mai shirya finafinan tarihi a Amurka, har kamfanin Apple ya sa sunansa a manhajar iMovie a 2003. Yana buƙatar hoto mai girma fiye da allon, in ba haka ba zai fashe.

Kafin a fitar da aiki, ana gwada shi da da'ira: a zana ta a hoto mai girman sauran, a saka a layin tacewa, a fitar da ɗan guntu a kalla a talabijin da waya. Idan ta fito a matse a taga ɗaya amma daidai a wata, mai yiwuwa laifin na'urar kallon ne ko alamar 16:9 da ba a saka wa fayil ɗin ba, sai a duba saitin fitarwa kafin a taɓa hotunan.