Sankarar bayan hanci da shimiyo (maganin sankara da ake sawa ta ƙarin ruwa): amsoshin tambayoyin da ake ta yi mini a Yamai

Ina ne bayan hancin?

Can ciki, inda hanci ya haɗu da maƙogwaro. Ido ba ya kaiwa wurin, shi ya sa sau da yawa kumburin wuya, haɓo ko toshewar kunne ɗaya ke fara tona ciwon.

Ana ɗaukarsa?

A'a. Ƙwayar cutar Epstein-Barr tana da hannu, amma kusan kowa na ɗauke da ita tun yana yaro. Don Allah ku daina ware wa majinyaci kwano.

Magani iri ɗaya aka ba mijina da wani, wancan ya murmure, nawa ya galabaita. Kuskure aka yi?

Ki kwantar da hankalinki, baiwar Allah. Cisplatin, ɗaya daga cikin magungunan shimiyo, yana aiki ne ta lalata DNA na sankarar, wato sinadarin gadon da ke cikin ƙwayoyinta, jiki kuma yana da ƙwayoyin gado masu gyaran ɓarnar, irin su ERCC1 da XRCC1, kuma kowa da irin nasa. Amma kafin gado, a dubi nisan da ciwon ya yi ranar da aka kawo shi.

To mu yi gwajin gado kafin a fara?

Ya danganta da maganin. A kan ERCC1 da XRCC1 an yi bincike sosai, musamman a kudancin Sin inda ciwon ya fi yawa, sakamakon kuma bai zo baki ɗaya ba, don haka likita ba zai sauya magani saboda su ba. Wani maganin shimiyo mai suna 5-FU daban ne. Mai raunin ƙwayar gadon da ake kira DPYD jikinsa ba ya narkar da shi, adadin da kowa ke ɗauka zai iya kashe shi. Tun 2020 hukumar magunguna ta Turai ta ce a gwada kafin a bayar. Sai dai gwajin da aka saba yi can an tsara shi ne bisa sauye-sauyen DPYD da aka fi samu a Turawa, akwai kuma wani da aka fi samu a 'yan Afirka wanda ba kullum yake ciki ba. Ke nan ko takarda ta fito fes, a ci gaba da sa ido. In da hali a yi gwajin, madalla. In babu, kada a jinkirta magani ana jiransa, a dai tambayi likita ko haɗin wani maganin shimiyo mai suna gemcitabine da cisplatin zai dace a maimakon 5-FU. Zawo mai tsanani, gyambon baki har ya kasa haɗiye koko, ko zazzaɓi bayan ƙarin ruwan farko, a dawo da shi a ranar, ko da tsakar dare ne.

Sai mun fita ƙasar waje gashin sankara, wato ƙona ta da hasken na'ura?

Tun 2021 ana gashin sankara a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa, nan Yamai. A fara da can.

Mu haɗa da na gargajiya?

Kada ku soma. Cisplatin kaɗai ya ishi ƙoda wahala. Ruwa za ku yi ta ba shi, in kuma kunnensa ya fara ƙara, ku faɗa wa likita kafin zuwa na gaba.