Waiwaye: Yadda katin ta'amin ya tsaya a bakin iyaka

Har yau maganar ba ta mutu ba. A zaurukan WhatsApp na Hausawan Jidda da Makka da Madina a Saudiyya, da majalisun bayan isha'i a Hindawiyya da Sharar Mansur, da zarar an ambaci ta'amin, wato inshorar lafiya, sai a koma kan takardun asibitin da mutane suka tara lokacin korona, suka miƙa wa kamfanin inshora don a maido musu kuɗin jinyar da suka yi a waje, aka dawo musu da su babu ko halala. Wasu na cewa annobar ce ta zo ba sallama ta dagula komai. Wasu na neman a faɗaɗa katin ma'aikaci ya game iyalinsa ko'ina suke. Amma duk wanda ya saba da takardun nan ya san korona ba ita ta haifi matsalar ba. Ta tarar da ita ne da shekara kusan uku a duniya.

Farkon labarin sananne ne. A 1999 aka kafa dokar inshorar lafiya ta haɗin gwiwa a Saudiyya. Wajen 2006 aka soma aiwatar da ita a kan manyan kamfanoni, sannan aka gangaro kan ƙanana, har aka ɗaure ta da iƙama, takardar izinin zaman baƙo: babu ta'amin, babu sabuntawa. Mai kamfani ne ke biya wa ma'aikaci da matarsa da 'ya'yansa maza har shekara 25 da 'ya'ya mata da ba su yi aure ba. A 2014 aka ɗaga rufin abin da ake kashewa a kan mutum ɗaya a shekara zuwa riyal 500,000. A tsarin wancan lokaci majinyaci yana cire wani kaso daga aljihunsa idan ya je ganin likita, bai wuce 20 cikin ɗari ba, kuma da iyakarsa. Tsari ne da ya taimaki talaka ƙwarai, sai dai an ɗinka shi ne daidai jikin mutumin da yake zaune wuri ɗaya da iyalinsa. Takardar asali tana biyan maganin da aka yi a cikin Masarauta, wato Saudiyya. A lokacin ba wanda ya damu da wannan layin, don mata da yara suna nan, mustausaf, wato ƙaramin asibiti, na bakin layi.

Watan Yulin 2017 ne ya sauya lissafin, kuma shi ne ba a cika kawowa a muhawarar ba. Bayan faɗuwar farashin mai, an shigo da kuɗin wata-wata a kan kowane mutum da baƙon ma'aikaci ke riƙe da shi a iƙamarsa. An fara da riyal 100, ya koma 200 a 2018, 300 a 2019, sannan 400 a Yulin 2020. Mataki ne na tattalin arziki, ba ruwansa da asibiti, shi ya sa ba a haɗa shi da maganar inshora. Amma a ɗauki direban kamfani mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. A shekarar farko riyal 500 ne a wata. Zuwa 2020 ya zama 2,000 a wata, 24,000 a shekara, ban da haya da makaranta. Akwai masu albashin da bai kai haka ba gaba ɗaya.

Hausawan da ke da takardar zama ɗan ƙasa abin bai shafe su ba. Waɗanda ya taɓa su ne masu fasfon Sudan da Najeriya da Nijar da Chadi, ciki har da waɗanda aka haifi iyayensu a Makka. Gida bayan gida aka yi shawara iri ɗaya: maigida ya zauna ya ci gaba da nema, iyali su tafi. Aka yi wa mata da yara huruj niha'i, wato bizar fita ta ƙarshe, suka sauka Wad Madani da Mai Wurno da Gadarif a Sudan, ko Kano da Maraɗi, wasu yaran ma ranar ce farkon ganinsu da ƙasar da ake ce musu gida.

Abin da ba a lissafa ba shi ne katin. Ranar da aka buga fita ta ƙarshe, sunan mutum ya fita daga iƙama, daga nan kuma ya fita daga takardar inshorar kamfani. Katin roba yana nan a jakar uwargida, kwanan watan da ke jikinsa bai cika ba, amma a na'ura babu ita. Matar da ke karɓar insulin kowane wata a Jidda da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, yanzu da tsabar kuɗi za ta saya, kuma daga albashin nan ɗaya. Wasu gidajen sun bi hanya ta tsakiya: suka bar iƙamar uwargida da rai, tana zuwa da huruj wa auda, bizar fita da dawowa, duk bayan 'yan watanni, ta ga likita, ta ɗebi maganin wata uku, ta koma. Wasu kuma suka dogara da bizar ziyara, wadda inshorarta ta gaggawa ce kawai, ba ta ɗaukar ciwon da mutum ya daɗe da shi. Duka dabarun biyu a kan abu ɗaya suke tsaye, wato jirgi ya tashi a lokacin da ake so. Ma'aikacin kansa ya koma mai yawan tafiya, hutunsa duk a waje yake yi, inda katinsa ba ya aiki. Takardar da aka rubuta don gida ɗaya ta wayi gari tana hidimar gida biyu a ƙasa biyu, kuma ba wanda ya koma ya sake karanta ta, har mu masu riƙe da ita.

Sai 2020. A ƙarshen Fabrairu aka dakatar da umara ga masu zuwa daga waje, ranar 15 ga Maris aka tsayar da jiragen ƙasa da ƙasa. Khartum ta rufe filin jirginta a watan, Najeriya ma haka. A ƙarshen Maris aka ba da umarnin a yi wa kowa maganin korona kyauta a Saudiyya, har da wanda ba shi da iƙama, kuma wannan ya ceci rayuka a unguwanninmu. An tsawaita iƙama da huruj wa auda ga waɗanda suka maƙale a waje ba tare da sun biya ba. Saboda haka rigimar ba ta korona ba ce a cikin ƙasa. Ta ciwon suga ce da hawan jini da wankin ƙoda da haihuwa, a wajen ƙasa. A Fabrairun 2021 kuma aka hana shigowa daga ƙasashe 20, ciki har da Masar da Indiya, inda mutanenmu suka saba zuwa aikin ido da na ƙashi. Wanda ya tafi jinyar mako biyu sai ya ƙara da zaman kwana 14 a wata ƙasa ta uku kafin ya shigo, kuma wannan kuɗin otal ba ya cikin kowace takardar lafiya.

Ga yadda buƙatar maido da kuɗi take mutuwa a kan tebur. Mutum ya zo da ambulan cike da takardu. Abu na farko da ma'aikacin inshora zai duba shi ne ko takardar kamfanin tana da ƙarin sharaɗin jinya a waje. Manyan ajujuwan inshora sukan samu, galibi na gaggawa lokacin hutu ko tafiyar aiki, na kwanaki ƙididdigaggu. Ƙaramin aji, wanda yawancin direbobi da masu gadi da leburori ke kai, da wuya. Idan babu, magana ta ƙare tun nan. Idan akwai, sai a nemi fatura ta asali mai rarrabe kowane abu da farashinsa, da taƙarir, wato rahoton likita, mai ɗauke da sunan cutar da hatimi, da takardar rubuta magani, da sakamakon gwaji, da shaidar biya, da hatimin fita da shiga na fasfo. Rasit ɗin kemis da aka rubuta "magani" da biro aka sa jimla ba ya wucewa. Takardar Nijar ko Chadi da Faransanci take, sai an kai ofishin fassara mai lasisi. Aikin da ba na gaggawa ba yana son muwafaƙa, wato amincewar kamfanin inshora, kafin a yi shi, ba bayan an yi ba. Akwai kuma wa'adin miƙa takardu, wanda ake ƙirgawa daga ranar jinya, ba daga ranar da mutum ya dawo ba, kuma wanda ya yi wata bakwai a maƙale ya riga ya wuce shi.

Ko an amince, saura canji. Kafin Fabrairun 2021 farashin hukuma a Sudan fam 55 ne a dala ɗaya, alhali kasuwa ta haura 350. Wanda ya canza riyal a kasuwa ya biya asibiti, idan aka lissafa faturarsa sai a tsaya kan wane farashi za a bi, sannan a auna da abin da aikin yake ci a asibitocin shabaka, waɗanda kamfanin inshora ke hulɗa da su, a biya mafi ƙanƙanta.

Tun daga lokacin an samu sauyi. An kafa hukumar inshora mai zaman kanta a 2023, an kuma soma shigar da masu aikin gida cikin inshorar dole a Yulin 2024 ga gidajen da ke da fiye da huɗu. Amma layin nan na "a cikin Masarauta" yana nan, iyalai kuma suna can. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ya sake tarwatsa waɗanda aka tura Madani da Khartum, wasu zuwa Masar, wasu Fot Sudan, fayil ɗinsu na asibiti ya salwanta. Shi ya sa wasu ke neman a sayar wa ma'aikaci ƙarin sharaɗi na iyalin da ke waje, ko da daga albashinsa za a cire.