Bishiya ba kwalliyar bayan gini ba ce

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, da mutum ya tashi gini sai ya fara kiran masu gatari. Wai a share fili tukuna, shuka sai an tare. Kuskure ne, domin bishiya da ɗaki tare ake tsara su, tun ranar da magini ya ja igiya.

Bangon yamma ne yake shan zafin la'asar. A watan Afrilu ka dafa shi bayan isha'i, za ka ji kamar tanda. Darbejiya ɗaya a wannan ɓangaren tana sa ɗaki ya kwantu. Amma wanda bai tuna da ita ba sai da ya gama gini, zai tarar masai ya cinye wurin, dole ya cusa ta jikin katanga. Bayan 'yan shekaru saiwa ta tsaga bango, a ce bishiya ba ta da amana, alhali mazaunin da aka ba ta ne bai dace ba.

Hadari kuwa daga gabas yake taso mana, shi ya sa maginan dauri suke ƙara wa bangon gabas yaɓe, suna lura da inda indararo zai zuba. Ruwan nan, in an yi masa hanya tun farko, shi zai shayar da zogale da lemun tsami a bayan madafi. Kuka dai a bar ta a gona, tsakar gida ba ta ɗaukarta.